Daga Dandali Zuwa Zango: Yadda Muka Koyi Hana Kanmu Abin da Rai Ke So

Akwai wata ɗabi'a da ta zame mana jiki har mun daina ganin ta. Dattijon da ya gwanance a dara tun yana saurayi yakan wuce masu yin ta a gindin bishiya, ya rage sauri, idonsa a kan ramukan, amma ba zai zauna ba. Uwar 'ya'yan da ta haddace waƙoƙin gaɗa tun tana budurwa takan ji 'yan mata suna karya su a tsakar gida, ta yi murmushi ta ci gaba da tankaɗe. Ɗan kasuwar da ransa ke son kiwon tattabaru ko hawan doki yakan ce sai ya aurar da 'ya'ya tukuna, in ya aurar ya ce sai ya sauke farali, in ya sauke kuma ya ce ai yanzu girma ya kama shi. Idan aka tambayi ɗaya daga cikinsu wanda ya hana shi, ba zai iya nuna alƙali ko limami ko sarkin zango ba. Amsar ba ta wuce uku: bai dace da mutum kamata ba, duniya ba wurin wasa ba ce, ba abin da ya kawo mu ke nan ba.

Waɗannan amsoshi ba daga sama suka faɗo ba. Kowace ɗaya tana da zamanin da ta fito da buƙatar da ta haife ta. Ta farko ta samo asali daga tsarin daraja na ƙasar Hausa, ta biyu ta yi ƙarfi a zamanin jihadi, ta uku kuwa tana cikin kayan da fatake da mahajjata suka sauke a zangunan da muke zaune a cikinsu yau, daga Kumasi zuwa Yawunde, daga Injamena zuwa bakin kogin Nilu. Sanin asalinsu zai taimake mu mu tantance wadda har yanzu take da amfani da wadda muke ɗauke da ita don kawai mun tashi mun tarar da ita a kanmu.

Da farko dai kada a ɗauka ƙasar Hausa ta dā ƙasar ɗaure fuska ce. Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano ya lissafa kakaki da figini cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya shigo da su fada. Kusan kowace sana'a tana da kiɗanta: mahauta da kalangu, maƙera da dundufa, maharba da garaya, manoma da gangar noma. Shekara ma a tsare take. Damina ta aiki ce, amma da zarar an kai amfanin gona rumbu sai filin kokawa da na dambe su cika, a yi kalankuwa, a ɗaura aurarraki. Rani na farauta ne da tafiye-tafiye. Idan azumi ya kai kwana goma yara su fito tashe, idan kuma wata ya yi fari dandali ya cika da gaɗa da langa har dare ya raba.

Abin lura shi ne, rabo aka yi wa wasa, kamar yadda ake rabon gado: kowa da kasonsa, kowa da lokacinsa. Jika yana da izinin tsokanar kakarsa har ya kira ta matarsa, taubasai suna da izinin zolayar juna, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe, Bafulatani da Babarbare, duk an ba su lasisin barkwanci. Amma uba ba ya wasa da ɗan farinsa, uwa ba ta kiran sunansa, ba ta ma nuna ɗokinsa a gaban mutane, komai son da take yi masa. Wannan shi ne darasin farko da Bahaushe ke koya game da hana kai, cewa ɓoye abin da zuciya ke so alama ce ta kunya da kamala. Wanda ya iya danne murnarsa da ɗan da ya haifa, danne sha'awar dara ba zai yi masa wuya ba.

Rabon bai tsaya a shekaru da dangantaka ba, ya shiga sana'a. Masanin nan M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya bayyana yadda Hausawa ke jera sana'o'i hawa-hawa: masu sarauta da malamai da attajirai a sama, makaɗa da maroƙa da mahauta a ƙasa, kuma galibi gadon sana'ar ake yi. Sakamakon wannan tsari shi ne kiɗa da waƙa suka zama aikin wasu gidaje. Mai daraja yana son kiɗa ƙwarai, har ya ba da riga da doki a kansa, amma ba ya taɓa ganga da hannunsa, ba ya kuma tashi ya taka rawa. Kasonsa shi ne ya zauna a yi masa, ya yi kyauta. Dambe ma haka yake, an san shi da mahauta, don haka ɗan malami ko ɗan sarki mai ƙarfin damtse sai dai ya yi kallo. Labarin Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, sananne ne: bai gaji waƙa ba, kuma mahaifinsa bai so ya yi ta ba, domin a ganinsa roƙo ne, roƙo kuwa zubar da girman gida ne. Shata ya bi abin da ransa ke so har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Allah kaɗai ya san yawan masu irin baiwarsa da suka bi maganar gida suka yi shiru har kabari.

A ɓangaren mata, littafin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, ya nuna yadda ƙuruciyar 'ya mace take cike da waƙa da rawa da zuwa kasuwa, da kuma yadda aure ke rufe wannan babi. Abin da ya rage mata sai kiɗan ƙwarya da shantu a cikin gida ranar biki. Bayanan da suka zo tare da littafin sun nuna wani abu mai muhimmanci: bayan da bauta ta gushe a farkon ƙarni na 20, mata da yawa da a dā suke noma sun janye daga gona sun koma cikin gida, domin zaman gida shi ne alamar 'ya, fita kuwa alamar baiwa. A nan muna ganin yadda barin abu yake zama hanyar shelanta matsayi. Mutum yana faɗa wa duniya ko shi wane ne ta hanyar abin da ba ya yi. Wannan ita ce asalin amsar nan ta "bai dace da mutum kamata ba".

Amsa ta biyu, wadda ke cewa duniya ba wurin wasa ba ce, ta girmi jihadi, domin wa'azin gudun duniya ya daɗe a bakin malamai, karin magana ma ta kira duniya budurwar wawa. Amma a zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754 ya rasu a 1817, ta samu ƙarfin hukuma. A cikin Kitabul Farƙi, inda aka bambanta mulkin Musulunci da na sarakunan wancan lokaci, an lissafa shagala da kaɗe-kaɗe dare da rana cikin aibobin fada, aka kuma nuna cewa ana buga tambari ne don wata buƙata ta shari'a, kamar tara runduna. Ya kamata mu fahimci dalilin wannan tsanani. Kiɗan fada a lokacin yana tafiya ne tare da zalunci: da dukiyar da aka ƙwace daga talaka ake sallamar maroƙin da ke kambama azzalumi. Goge da garaya kuma suna haɗe da bori. Saboda haka wanda ya juya wa kiɗa baya a Gobir ta 1804, shekarar da Shehu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, yana bayyana ɓangaren da ya zaɓa ne a rikicin aƙida da na mulki.

Jagororin jihadin kansu sun ga yadda wannan matsayi yake da wuyar riƙewa. A 1807, tun yaƙi bai ƙare ba, Malam Abdullahi ƙanen Shehu ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka, saboda abin da ya gani ya fara shiga jama'a na son mulki da tufafin alfarma da dawakan ado da tara ƙwaraƙwarai. Ya bayyana wannan ɓacin rai a cikin Tazyinul Waraƙat. Mutanen Kano ne suka tsayar da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam, sannan ya koma. Shehu kuwa, a rubuce-rubucensa na baya-baya irin su Najmul Ikhwan, ya ja hankalin almajirai da kada su tsananta wa mutane a kan abin da malamai suka yi saɓani a kansa, har da batun kayan kiɗa da tufafi, yayin da Malam Abdullahi ya tsaya a kan ra'ayi mai tsauri. Ke nan tun a gidan Shehu mas'alar tana da fuska biyu, mu ne daga baya muka riƙe ɗaya muka manta ɗaya.

Ba a kuma bar jama'a hannu rabbana ba. Abin da aka hana an maye gurbinsa da wani. Malaman jihadi sun tsara waƙoƙi da Hausa da Fulatanci da Larabci, masu amo da kari, waɗanda ake rerawa. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta tura jajis ɗinta ƙauyuka suna koya wa mata 'yan taru karatu ta hanyar waƙa, domin ta san murya mai daɗi tana isar da abin da tsawa ba ta isarwa. Fadojin da aka kafa bayan jihadi sun ci gaba da tambari da kakaki da algaita, har aka zo zamanin da Salihu Jankiɗi yake Sarkin Taushin Sarkin Musulmi a Sakkwato kanta. A Kano, Shehu Nasiru Kabara ya kare bandiri a zikirin Ƙadiriyya. Saboda haka kiɗa bai mutu ba. Abin da ya saura a zukata shi ne ɗar-ɗar: mutum yana saurare yana jin daɗi, yana kuma jin kamar ya yi laifi, ko da abin da yake saurara babu saɓo a cikinsa.

Wannan ɗar-ɗar ya shafi har labari. Tatsuniya an bar wa tsofaffin mata da yara, an keɓe mata dare, mai yin ta kuma yakan rufe da ɗora wa Gizo alhakin ƙaryar da ya shirya, kamar mai neman afuwa. A 1933, lokacin da Rupert East na ofishin fassara da ke Zariya ya zagaya yana neman malamai su shiga gasar rubuta ƙagaggun labarai, ya tarar da yawansu suna ganin alƙalami ya fi ƙarfin irin wannan aiki, tunda rubutu na addini ne da ilimi. Waɗanda suka amsa kira su ne suka ba mu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Abin alfahari gare mu mazauna zango shi ne, shekaru 20 kafin wannan gasa, a 1913, an buga tarin tatsuniyoyi da al'adun Hausa da wani malami mai suna Malam Shaihu ya rubuta da ajami a ƙasar da ake kira Gana a yau, R. S. Rattray ya fassara. Malami ne, bai kuma ga rubuta labarin Gizo ya rage masa komai ba.

Amsa ta uku ita ce tamu ta kanmu, domin a kan hanya aka haife ta. Kakanninmu da yawa fatake ne na hanyar Gwanja. Ayari yakan tashi daga Kano ko Sakkwato ƙarƙashin madugu, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Bargu, ya bi ta Sansanin Mango da Yandi har Salaga, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, ya komo da goro. A 1826 Baturen nan Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama, mutum wajen 1,000 da dabbobi kwatankwacin haka. Tafiyar takan ci watanni, wani lokaci har shekara. Goro kuwa kaya ne mai saurin lalacewa, sai an riƙa kwance huhu ana dubawa ana yayyafa ruwa ana cire wanda ya ɓaci. Ga 'yan fashi, ga kuɗin fito, ga harajin kowane sarki da aka ratsa ƙasarsa. Falken da ya shagala a zango ɗaya zai iya rasa jarin gidansu duka. A irin wannan rayuwa, karin maganar da ke cewa sai an sha wuya akan sha daɗi doka ce ta tsira.

Mu dubi sunan unguwanninmu ma. Zango wuri ne da ayari ke sauka ya kwana ya tashi. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, 'yan kasuwa suka watsu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da Kumasi da Akra, wadda fatake ke kira Ankara. A cikinsu akwai Alhaji Umaru, babban malami kuma mawaƙi haifaffen Kano, wanda ya zauna a Kete-Krachi har rasuwarsa a 1934, wanda kuma ɗaya daga cikin shahararrun waƙoƙinsa na Hausa a kan talauci take da yadda yake zubar da mutuncin mutum. Aka gina gidaje, aka haifi 'ya'ya da jikoki, amma sunan bai canza ba, tunanin ma bai gama canzawa ba. Wanda yake ganin kansa a zango yake, komai nasa na jin daɗi yakan ajiye shi sai ya koma gida, ko da kuwa gidan nan kakansa ne ya baro shi, shi bai taɓa ganinsa ba.

Akwai kuma dalili na kasuwa tsantsa. Cinikin goro da na shanu a kan amana yake tafiya. Baƙo yakan sauka a gidan maigida, ya damƙa masa kaya da kuɗi, dillali ya sayar bashi, babu takarda babu sa hannu. Abner Cohen, wanda ya yi nazarin unguwar Sabo ta Hausawan Ibadan ya buga littafinsa a 1969, ya nuna yadda wannan tsari ya dogara ga sunan mutum, da yadda shigar jama'ar unguwar ɗariƙar Tijjaniyya a farkon shekarun 1950 ta ƙara ɗaure su wuri guda ta kuma bambanta su da maƙwabtansu. A irin wannan kasuwa kamun kai jari ne. Wanda aka saba gani a sahun farko, aka san ba ya zuwa gidan goge, ba ya zaman caca, shi ake ba ajiya. Tun da kuwa idon jama'a ba ya tsayawa ya bambance dara da caca, ko hira da shashanci, sai mai neman amana ya bar su duka don ya huta da zargi. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya yi fataucin goro tsakanin Ankara da Ikko kafin gyaɗa ta ɗaukaka shi a Kano, ya kuma shahara da sauƙin rayuwa da tsimi duk da dukiyarsa. Irinsa ne iyaye ke nuna wa 'ya'yansu a matsayin abin koyi.

A gabas labarin ya fi wannan zurfi. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa Sudan, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Bayansu dubban mahajjata suka bi ta Cadi a ƙasa, suna tsayawa suna aiki don tara guzuri, musamman a gonakin auduga na Jazira da aka buɗe a 1925. Masani Bawa Yamba ya rubuta littafi a 1995 a kan zuriyar waɗannan mutane, sunan littafin ma yana nufin mahajjatan dindindin. Ya tarar da jikoki da tattaɓa kunne waɗanda aka haifa a Sudan suna kiran kansu matafiya a kan hanyar Makka, wasu har suna ƙin gina gida mai ƙarfi don kada ya zama alamar sun fasa tafiya. Niyya ce mai tsarki, babu mai raina ta. Amma tana nuna iyakar inda ɗage jin daɗi zai iya kaiwa: rayuwa sukutum ta zama jiran gobe.

Sai kuma tsoro irin na baƙo. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar Gana. Dubban mutane suka tashi, cikinsu har da waɗanda a nan aka binne cibiyarsu, suka bar gidaje da rumfuna. Al'ummar da ta ga irin wannan rana takan koyi rage murya. Takan koyi cewa kuɗi a ɗaure a ƙugu ya fi doki a turke, taro mai ƙara kuma yana jawo ido. Ga nauyin 'yan'uwa a kai: wanda ya samu a zango yana ciyar da na kusa yana aika wa na nesa, har ya riƙa ganin duk abin da ya kashe wa kansa kamar daga bakin wani ya cire shi.

Idan muka haɗa waɗannan duka za mu ga inda gizo ke saƙar. A ƙasar Hausa hani da izini tare suke tafiya. An hana dattijo rawa amma an ba shi makaɗan gidansu, an hana aiki da wasa su haɗu amma an ware kaka sukutum don wasa, an rufe matar aure amma an bar mata kiɗan ƙwarya da ƙawaye da biki. Da aka taso zuwa zango, hanin ya biyo mu cikakke, domin a zuciya ake ɗaukarsa, ba ya buƙatar jaki. Izinin kuwa yana buƙatar fili da lokaci da mutane: dandali, da rumbun da aka cika, da gidajen makaɗa na gado, da taubasai a kusa. Kaɗan daga cikin waɗannan ne suka iso, kasuwa kuma ba ta da kaka balle a ce an gama aiki. Haka muka wayi gari da rabin tsarin a hannunmu, muna zaton shi ne al'adar gaba ɗaya.

Ba muna zargin magabata ba ne. Da wannan tsimi da kamun kai suka gina masallatai da makarantun allo da gidajen da muke ciki, suka sa kalmar Bahaushe ta zama abin dogaro a kasuwannin da ba nasa ba. Amma akwai farashin da muke biya yanzu, kuma harshenmu ne ke biyan mafi yawansa. Yaro yana ƙaunar harshen da yake dariya da shi. Idan Hausa a gidajenmu ta zama ta ciniki da wa'azi da faɗa kawai, wasa da waƙa da barkwanci kuwa sai da harshen Tonawa ko Turancin titi ko Faransanci ko Larabci, to kada mu yi mamaki in jikokinmu sun amsa mana da wani harshe. Kacici-kacici da karin magana da zaurance da waƙar gaɗa su ne makarantar da kalmomi ke zama a bakin yaro. A Kano ko Damagaram titi zai koya masa ko da gida ya yi shiru. A Nima ko Birikitari ta Yawunde, in gida ya yi shiru babu mai yi mana.

Addinin da muke fakewa da shi ma ya bar ƙofa a buɗe. Ya tabbata a hadisi cewa Habashawa sun yi wasa da masu a masallacin Madina ranar idi, Nana A'isha tana kallo da iznin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma ya yi tseren gudu da ita. Ya tabbata cewa Salmanul Farisi ya ja hankalin Abu Darda a kan tsananta wa kai da ibada, ya tuna masa cewa jikinsa da iyalinsa suna da haƙƙi a kansa, Manzo kuma ya gaskata Salmanu. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a cikin Ihya'u a kan sauraro, ya kuma bayyana cewa zuciya tana gajiya, hutun da ya halatta yana mayar mata da ƙarfin ibada. Iyakokin a bayyane suke, malamanmu sun san su: abin da ya ƙunshi caca ko batsa ko shirka, ko ya sa a bar salla, ko ya tauye haƙƙin iyali, wannan a bar shi. Abin da ya fita daga waɗannan, sau da yawa "mutane za su ce" ne kawai ke tsare ƙofarsa.

Mun kuma ga cewa daraja aba ce da jama'a ke bayarwa, suna iya sauya mata wuri. A 1975 aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa ta Jamhuriyar Nijar, wasan manoma ya zama abin da jihohi ke takara a kansa, takobin da ake ba zakara ya zama abin da manyan ƙasa ke miƙawa da hannunsu. Babu abin da ya canza a kokawar kanta, masu kallon ne suka canza. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Yawancinmu yau 'yan ƙasa ne a inda muke, da takardunmu da gidajenmu da maƙabartunmu, ayari ya daɗe da sauke kaya.

Abin da ya rage aikin manya ne, domin ƙarami ba ya iya cire wa abu kunya, sai babba. Ranar da sarkin zango ya ware fili don langa da kokawa bayan salla, ranar da limami ya tsaya ya kalli 'yan tashe ya ba su sadaka da fara'a, ranar da kaka ta kashe talabijin ta ce wa jikoki ga ta nan ga ta nanku, ranar da attajiri ya zauna aka gan shi yana dara bayan la'asar kuma aka wayi gari amanarsa tana nan yadda take, to daga ranar matasa za su san cewa mutum yana iya zama kamili ba tare da ya binne abin da yake so ba. Kafin mu ce wa ranmu a'a, mu tambaye shi wace ce daga cikin amsoshin nan uku take magana, kuma ko dalilinta yana nan har yanzu. Allah ya jiƙan magabatanmu da suka sha wuya dominmu, ya ba mu ikon riƙe amanarsu, ya kuma sanya albarka a cikin hutunmu kamar yadda muke roƙon ya sanya a cikin nemanmu.